Shinkafar da Na Kawo wa Nomau

Malkar bana, tsakiyar damina ke nan, ta same ni ba ni da wurin zama. Tabarma tana nan, kujera tana nan, amma jikina ya ƙi su. In na zauna a zaure sai in ji kamar ana kirana cikin gida, in na shiga cikin gida sai in ji kamar ƙarar babur a ƙofa. Kwana arba'in da 'yan kai ke nan da mutanen daji suka ɗauke Arzika a gonarsa ta bakin fadama, yana tsakiyar maimai. Arzika ɗan wana ne. Ni na riƙe shi tun yana rarrafe, ga shi yau da furfura a gemu.

Garinmu yana tsakanin Sabon Birni da Isa. Bana gero ya yi tsawo har ya rufe mai raƙumi, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, amma ba mai iya zuwa gonarsa ta nesa. Na taɓa ganin shekarar da sama ta hana mu abinci. Ban yi zaton za ni ga shekarar da abinci zai tsaya a gona kore shar, mai shi yana leƙensa ta kan katanga ba.

Cikin wannan hali jikata Luba ta zo hutu. Ɗiyar ɗiyata ce, tana makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato, kuma jarrabawa na jiranta a kan yadda ciki ke sarrafa abinci. Kullum tana rumfa da wani littafi mai hoton mutum a buɗe kamar ragon layya. Ran nan na wuce ta gabanta karo na ban san nawa ba, sai ta ɗaga kai.

"Tsoho, don Allah zamna. Ka ishe mu da sintiri kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

"Ke, ƙafar da ta taka Agadas da Kumasi za ki ce wa ta zamna?"

"Ta taka, an gode mata. Zo ka zama ɗalibina. In na faɗi jarrabawa kai za a yi wa dariya, a ce amaryar Alhaji ba ta da kai."

Na zauna a bakin turmi, don in rabu da bakinta.

Ta ce in ɗauka na yi lomar tuwo. Aiki tun a baki yake farawa, haƙora na niƙa, miyau na narkarwa, shi ya sa in mutum ya daɗe yana tauna ɗanyen gero sai ya ji zaƙi ya fito. Daga nan loma ta gangara tumbi, inda akwai wani ruwa mai tsami da ƙarfi, a yi ta dama ta har ta koma kamar kunu. Sai ƙaramin hanji, inda babban aikin yake. Hanta ta aiko da ruwan matsarmama ya farfasa maiƙo, wata tsoka da ke ɓoye bayan tumbi ta aiko da nata ruwan, sannan bangon hanjin, wanda ke cike da ƙananan yatsu kamar gashin tawul, ya tsotse amfanin ya miƙa wa jini. Abin da ya rage babban hanji ya shanye ruwansa, sauran kuwa kowa ya san inda yake zuwa.

Na ce mata tawul ɗin nan na sha ganinsa, ai na feɗe raguna fiye da shekarunta.

"Wancan tumbin rago na, ɗaki huɗu gare shi. Kai ɗaki guda gare ka, ko da yake yadda kake cin fura ana iya shakka."

Ta ci gaba. Gero da dawa da shinkafa su ke ba da ƙarfi. Wake da nono da kifi da nama su ke gina jiki. Ganye da 'ya'yan itace su ke tsare shi daga cuta, don haka miyar kuka da zogale ba rakiya suke yi wa tuwo ba, aikinsu daban. Ina saurare ina tuna abin da na zuba wa wannan ɗaki guda nawa a duniya, sakwarar Ashanti, cukun Buzaye, gurasar Makka, kifin Cadi. Kowace ƙasa da abin da take taƙama da shi, ashe duk hanya ɗaya suke bi. Har na fara jin daɗin karatun.

Sai ta juya shafi.

Ta ce akwai abin da malamarsu ta ja musu kunne a kai ƙwarai. In mutum ya yi makonni bai samu abinci ba, jiki yakan cinye kitsensa, sannan ya koma kan namansa. Hanji ya sirance, ruwan narkarwa ya ragu, zuciya kanta ta ƙanƙance. To irin wannan mutum in aka cika masa ciki lokaci guda, musamman da shinkafa ko abu mai sukari, sai jiki ya zabura da aiki, ya janye wasu gishiri da ke cikin jini, waɗanda da su zuciya ke riƙe bugunta. Jini ya zama fanko. Ƙafafu su ƙara kumbura, ruwa ya taru a huhu, numfashi ya gagara.

"Yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa huɗu," in ji ta, idonta na kan littafi. "Da abincin a cikinai. Mutane su ce yunwa ta kashe shi."

Ban san na miƙe ba. Na ji tana kirana, tana cewa ana ruwa. Na fita na tsaya a gindin rumbu har rigata ta manne da baya.

Shekara hamsin da wani abu ke nan. Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa, ta biyun ce nake magana. Lokacin ina saurayi mai yawon cin rani, na riga na iya Zabarmanci da ɗan Faransanci da Buzanci, ga Fillanci tun na ƙuruciya. Da bazara nakan dawo gida noma. Mu biyu Inna ta haifa maza, ni da wana Nomau. Babanmu ya riga ya rasu. Nomau ƙato ne, baƙi, mai dariya da ƙarfi, kuma mai ci. In an yi gayya akan ajiye masa akushinsa daban, don ba mai yarda ya haɗa hannu da shi. Matarsa Ige tana goyon Arzika.

Bazarar ta yi zafi irin wanda ƙadangare ke gudu da ƙafa uku. Rumbu ya riga ya yi ƙasa, sai mutum ya shiga ciki ya durƙusa kafin ya taɓa dami. Muka yi binne, wato muka shuka a busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa ya tarar da iri. Ruwa ya zo sau ɗaya, mai kyau, har yara suka yi wanka a kwata. Shuka ta fito kamar allurai. Daga nan sama ta share. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta kawo ƙamshin ruwan da aka yi wa wasu, mata su fito da tukwane, sai ya watse. Yashi mai zafi ya ƙone shukar. Muka sake shukawa. Ta sake ƙonewa. Shuka ta uku da irin da Inna ta ɓoye cikin tulu muka yi ta, ta liƙe bakinsa da laka tun kaka ba wanda ya sani.

A cikin gida abin a hankali ya zo. Da fari aka bar tuwon rana. Sannan fura ta koma farau-farau, ruwa ne fari da ɗan tsaki a ƙasa. Inna ta canza ƙoƙon awo, ta ɗauko ƙarami, bayan mako biyu ta ɗauko wanda ya fi shi ƙanƙanta. Ita kaɗai ke taɓa hatsi. Da asuba mata su fita da ƙwarya neman tafasa da yaɗiya da rama, kullum sai sun ƙara nisa. A dafa ganyen, a matse, a barbaɗa dusa, a ci. Da ganye ya yi wuya aka koma ga 'ya'yan anza, masu ɗacin da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Har yau in na ga anza a daji sai miyauna ya tsinke da ɗaci. Akwai waɗanda suka riƙa tonon gidan tururuwa suna kwashe ajiyarta. Fulanin da ke rugga bayan gari, waɗanda muke ba gero su ba mu nono tun kakanni, shanunsu suka riƙa kwanciya ba tashi. Matansu suka daina shigowa da ƙwarya a kai.

Duk da haka an yi noma. Shuka ta ukun ta kama, ciyawa ma ta kama, dole a nome. Gayyar shekarar ba ganga, ba fura. Maza su haɗu a gonar mutum ɗaya shiru, su yi kuyya biyu uku, su tsaya su jingina da hauya, idanu na ganin duhu. Kafin hantsi ya ɗaga sosai kowa ya nemi gindin aduwa ya kwanta. Wasu su ɗaure ciki da rawani. Nomau ne kaɗai ke kaiwa azahar.

Ban lura da wuri ba cewa ba ya ci. In an kawo mana kwano sai ya yi loma guda ya ce ya ci goriba a hanya, ya tura rabonsa ɗakin Ige. Nononta ya fara ɗaukewa, yaron na kuka irin kukan da ba hawaye.

Wata rana a gindin aduwa ya ce da ni, "Auta, kai ka iya bakin mutane. Tahi kudu, inda anka yi ruwa. Ni in tsare gona. In munka zamna mu biyu, mu biyu za a rufe."

Na taka zuwa Isa, na hau bayan wata babbar mota zuwa Ƙauran Namoda, daga can jirgin ƙasa. Mako bakwai na yi. Na yi dako, na yi tafinta tsakanin fataken Zabarmawa da Yarbawa a kasuwar hatsi. Kuma na ci. Wannan ma ina faɗarsa, don yana cikin abin da ke damuna. Kullum na ci na ƙoshi, ina gaya wa kaina mai dako sai da ƙarfi. Na juyo gida da rabin buhun shinkafa, da wake, da kwalbar man gyaɗa, da sukari da ganyen shayi.

Na tarar ruwa ya dawo a makare. Gero ya fid da kai amma bai yi ido ba. Abin da ya fara ba ni tsoro shirun gari ne. Da hantsi, amma ba ƙarar turmi ko ɗaya, ba kaza, ba kare. Nomau na kwance a zaure. Sai da na dube shi sau biyu. Haƙarƙari a waje, gashin kansa ya yi ja, ƙafafu kuwa sun kumbura suntum, in ka danna da yatsa rami ya zauna. Gonar ya nome ta tas, har maimai. Murya ce kawai ba ta canza ba.

"Auta! Ɗan banza, ka yi wuya. Mu ka bari muna azumin da ba lada."

Inna ta kwance bakin buhu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗebi tafi guda. Ta ce za ta niƙa ta dama kunu tsululu, a ba Nomau ludayi uku, a dakata, in an jima a ƙara. Haka za a yi kwana da kwanaki. Ta ce tana yarinya an yi wata yunwa, ta ga yadda tsofaffi suka yi da waɗanda suka fi jigata.

"Cikin da ya daɗe a rufe ba a banka shi da ƙafa," in ji ta.

Ni kuwa na yi dariya. Na ce Inna tsoron rashi ne ya shige ki, har kina awo ga buhu a gabanki. Na ce na zaga duniya ban ga inda abinci ya kashe mai jin yunwa ba. Ga maƙwabta sun fara taruwa, sun ga an sauke kaya. A ce Auta ya dawo da buhu amma wansa na shan ruwan kunu? A garinmu wanda ya dawo da wanda aka tarar, ƙoshi ne gaisuwarsu.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya shi ne na san irin wannan a wani wuri. A hanyar Agadas na ga Buzaye sun tsinci mutum da ƙishi ya kusa kashewa. Ba su ba shi salkar ruwa ba. Tsumma suka jiƙa suna matsa masa a leɓe, yana zaginsu. Na yaba musu hankali, na sha ba da labarin a majalisa. Kuma kowace shekara da azumi, yini guda tak, ba mai fara buɗa baki da tuwo. Idon da ke kwatanta ƙasa da ƙasa bai kwatanta wannan da wancan ba.

Nomau ma ya sa baki. "Inna, ƙyale ni in ci. Wata biyu ina mafarkin abinci mai mai."

Na ce da Ige ta ɗora babbar tukunya. Shinkafa da wake, aka kwarara man gyaɗa, aka barbaɗa yaji. Ƙamshin ya cika unguwa, aka rarraba wa maƙwabta. Aka cika wa Nomau akushinsa na gayya, baƙi, mai faɗi. Ya cinye. Aka ƙara. Na dafa masa shayi irin na Buzaye, zagaye uku, sukari har yana danƙo. Ya yi zufa, ya yi dariya, ya sa aka kawo masa Arzika ya ɗora a ƙirji. Ban taɓa jin na isa mutum ba kamar wannan yammacin.

Kashegari ya sake ci. Sauran mutanen gida zawo suka yi, ya wuce, don ba wanda ya kai shi nisa a yunwa. Shi kuwa kafin la'asar kumburi ya hau gwiwa, hannuwa na rawa. Rana ta uku kwanciya ta gagara, in ya kwanta numfashi ya toshe. Na zauna a bayansa na jingina shi da ƙirjina. Ina jin zuciyarsa ta cikin bayansa, tana fizga tana tsayawa kamar tsuntsun da aka dunƙule a hannu. Bayan la'asar ta tsaya.

Masu ta'aziyya suka ce yunwa ta riga ta gama da shi, abinci ya zo a makare. Na karɓa ina amin. Inna ba ta ce mini komai ba, a ranar ko bayanta. Ta wanke akushin, ta kife shi a kan ragaya, ba a ƙara zuba komai a cikinsa ba. Bayan kwana goma sha biyu aka karyo tumu na fari daga gonar da Nomau ya nome. Inna ta zauna a bakin murhu da kanta tana gasawa, kowa rabin kai, ba ƙari. Wannan karon ba wanda ya yi mata dariya.

Da aka yi kaka na fita, kuma tun daga nan ban iya daɗewa wuri ɗaya ba. Yamai, Abijan, Injamena, Makka, in dawo in ga Arzika ya ƙara tsawo, in sake fita. Na zauna da likitoci a mota da jirgi, na iya harshensu, ban taɓa tambayar ko ɗaya ba. Shinkafa da wake kuwa ban ƙara kai ta baki ba. Iyalina sun ɗauka ba ta shiri da cikina. Sai ga yarinyar da na yi wa huɗuba da bakina ta karanto mini amsar daga littafi, tana tauna bayan biro.

Kwana uku bayan wannan karatu aka kawo Arzika. Yadda aka yi ya fito ba na wannan takarda ba ne. Da hantsi babur ya tsaya a ƙofa, an ɗaure shi da rawani a bayan mai tuƙi don kada ya faɗi. Guɗa ta tashi, da kuka. Aka kwantar da shi a zauren nan dai. Ya ce tafin garin masara ake ba su, wani lokaci sai an tsallake kwana. Na yaye zanen da aka rufa masa. Na danna ƙafarsa da yatsa, ramin ya zauna.

Kafin azahar kwanonin barka sun fara shigowa. Haka al'adarmu take, wanda Allah ya kuɓutar kowane gida sai ya aiko masa da girki, kuma ba a mai da kwano yadda ya zo. Ko a wannan shekara ta ƙunci mutane suka fid da abin da suke ɓoyo. Tuwo da miyar kuka, fura da nono, dambu, farfesun kaza, lemon kwalba. Suka jeru a bakin zaure, ƙamshi ya cika wurin. Idon Arzika na bin su ɗaya ɗaya.

Luba ta tsaya tsakaninsa da kwanonin. Ta riga ta buga wa malamarsu waya. Luba ta ce kunu tsululu da ɗan nono, cokali kaɗan, a dakata, a ƙara. Ba lemo, ba sukari. Ta ce lallai a kai shi asibiti a auna jininsa a mayar masa da abin da ya rasa. Amma hanyar Isa ba a binta sai da safe, in motocin kasuwa sun haɗu sun tafi tare. Ke nan yini guda ne a hannunmu.

Mata suka yi caa a kanta. Wata ta ce ɗiyar boko ta zo ta koya mana ciyar da mutum. Wata ta ce ko kwanonin ne ake ƙyama, a faɗa. Luba tana magana, ba mai ji.

Sai ga Ige ta fito daga madafa. Ta tsufa, ta ranƙwafa, kwana arba'in ba ta yi barcin kirki ba. Tana riƙe da kwano da hannu biyu. Tun kafin ta iso na ji ƙamshin. Shinkafa da wake, da mai da yaji.

"Kauce, Luba. Ɗana na. Ni na san abin da yake so."

"Kaka, don Allah..."

"Na ce kauce."

Arzika ya ɗago kai da ƙyar ya dube ni. "Baba, ka yi musu magana. Loma guda. A daji an hana ni, gida ma a hana ni?"

Muryar ubansa ce, ba ragi. Da a ce zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na shiga gaban Luba. Na ce, "Ige, kin tuna akushin da Inna ta kife?"

Ba wanda ya san abin da nake nufi sai ita. Ta dube ni. Shekara hamsin muna gida ɗaya, muna wasan ƙanin miji da matar wa, ba mu taɓa taɓa wannan magana ba. Na ce Inna ta faɗa mana, na ƙi ji. Na ce abin da Inna ta faɗa shi ne rubuce a littafin yarinyar nan. Na ce ni na sa aka ɗora tukunyar.

Ige ta dubi kwanon da ke hannunta. Ta ce a hankali, "Ni na dafa, Auta. Ni na ƙara mai akushi na biyu."

Ashe ba ni kaɗai ke ɗauke da shi ba. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta tura shi gefe da ƙafa. Ta juya ga Luba. "Cokali nawa kinka ce?"

Saura kwanoni. Na fita ƙofar gida na kira mazan unguwa, na ce yau walimar Arzika ce, amma shi mai kallo ne, kowa ya ci kwanon maƙwabcinsa sadaka. Aka kwashe su zuwa gindin dalbejiya, nesa da hancinsa. Wasu sun ji haushi, na gani a fuskarsu, amma sun ci, kwanoni suka koma a wanke. Ige ta dama kunun da kanta. Ita ke ba shi, Luba na duba agogo tana riƙe da tsintsiyar hannunsa, ni ina tsaye a bakin zaure ina korar masu shigowa da abu a ɓoye cikin mayafi. Mutum biyu na kama. Arzika ya juya fuska bango ya ƙi yi mini magana.

Da safe muka bi ayarin motoci zuwa Isa, ruwa na dukan gilashi, kowa na kallon gero ta taga.

A barandar asibitin nake rubuta wannan, yau kwana shida. Sun auna jinin, sun ce gishirin ya yi ƙasa ƙwarai, suna mayar masa da shi sannu sannu. Kwana na uku ban iya tsayawa kusa da gadon ba, na yi ta zagaya harabar har mai gadi ya tambaye ni abin da na yar. Kumburin ya fara sauka. Luba ta koma Sakkwato jiya. Da za ta hau mota ta ce in ta ci jarrabawa rabin sakamakon na marigayiya Inna ne, ni kuwa ɗalibi ne mai gudu daga aji.

Ɗazu aka ce a iya ba shi tuwo mai laushi, kamar girman ƙwai. Ige ta aika gida aka zo mata da ƙunshi a cikin tsohon zane. Ta kwance. Ban san ta ajiye akushin Nomau ba bayan rasuwar Inna. Ya dushe, bakinsa ya tsage, amma shi ne. Ta ɗauraye shi, ta sa 'yar lomar a tsakiya, ta zuba miyar kuka cokali guda.

Arzika ya leƙa ciki ya yi tsaki, ya dubi Ige. "Inna, wanga ƙaton akushi, wagga 'yar loma? Ko kaza ta raina ta."

"Na ubanka na," in ji ta. "Ci a hankali."

Ya gutsura, ya kai baki, yana taunawa yana hararata. Akwai benci a jikin bango. Na ja shi kusa da gadon na zauna.